Tsargiya: yaya yawanta yake a tsakanin 'yan makaranta?

Wani malamin makaranta ya tambaya ko fitsarin jinin da yake gani wajen ɗalibansa abu ne da ya zama ruwan dare. Ƙwarai kuwa, kuma galibi tsargiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci maganinta, aƙalla kashi 90 cikin ɗari a Afirka, kuma Najeriya na kan gaba. 'Yan shekara 5 zuwa 14 ta fi kamawa, domin su ne ke yini a kududdufi da rafi da magudanan noman rani irin na Kadawa da Bakolori. A ƙauyen da ke bakin ruwa, ana iya samun ta jikin fiye da rabin aji.

Ga yadda take yaɗuwa: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar cutar da ke cikin fitsarin ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga ƙaramin dodon-koɗi ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar mai wanka. Fitsarin jinin ba zafin rana ba ne, ba kuma alamar balaga ba ce. In aka bar cutar, tana jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara da ƙoda.

A kai fitsari gwaji tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwai ya fi fita. Maganinta Praziquantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin yaro, bayan ya ci abinci. Sai dai ba ya kashe ƙananan tsutsotsi, kuma yaro na komawa ruwan ya sake ɗauka, shi ya sa ake maimaita raba wa yara maganin duk shekara.