Itacen Bandar Ƙirjin Sa

Ka ce, "Maigida, ai itace itace ne, me ya sa ka hana ni zuba darbejiya a bandar ƙirjin nan?" To yarona, matso kusa.

Tsire ɗan lokaci yake yi a tukuba a sauke shi. Ƙirjin sa kuwa nama ne mai jijiya da kitse, guda kan kai kilo 5 ko 6, kuma sai ya sha awa 10 zuwa 12 a kan wuta marar ƙarfi kafin ya saki. Duk tsawon lokacin nan hayaƙi yake sha. Abin da ke cikin itacen, daɗi ko ɗaci, a naman zai ƙare. Darbejiya ɗaci gare ta. Tumfafiya da duk itacen da ke fitar da farin ruwa kamar nono kada ka kusance su, haka katakon da aka yi wa fenti.

Ni marke nake so. Yana da nauyi, yana ci a hankali, garwashinsa na daɗewa, hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama. In babu, tsamiya ta yi. Ƙirya kuwa, wadda maƙera ke son gawayinta, zafi gare ta. Mutanen Texas a Amurka, da suka shahara da bandar ƙirji, suna da 'yar uwarta mai suna mesquite, amma in aikin na dogon lokaci ne yawancinsu itacen oak suke sawa, don hayaƙin mesquite ya cika ƙarfi. Ƙone ƙiryar a gefe tukuna, ka riƙa ɗibar garwashin.

Sai dai ko marken ne, in ɗanye ne ya ɓata maka aiki. Ɗauki guda biyu ka buga su. Busasshe zai yi ƙara ƙwal, bakinsa a tsattsage, ɓawon na saɓulewa. Ɗanye sai ka ji dum, in ya hau wuta kuma ya yi ta tsiyayar kumfa ta gindi. Wata damina na yi gaggawa na sa irinsa a naman biki. Ya fito baƙi ƙirin, yana maƙaƙi a harshe, har yau abin na ci mini rai.

Idonka ya tsaya kan hayaƙin. In fari ne mai kauri, wutar ta shaƙe, buɗe mata iska. Siriri muke so, mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa. Yanzu je bayan rumfa ka kwaso marken da muka faskara tun rani, ka buga su a gabana in ji.