Tambaya da Amsa: Yaya Zan Karɓi Dangin Miji da Sallah Ban Jigata Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Maigidana shi ne babba a gidansu, kuma tun da mahaifinsu ya rasu taron Babbar Sallah ya dawo gidanmu. Ƙannensa da matansu da 'ya'yansu sukan kai mutum 30. Bara na yi tuwo da waina da shinkafa da funkaso, ga aikin nama, har baƙi suka watse ban samu na zauna mun gaisa ba, washegari kuma na kwanta ciwon baya. Yaya zan rage wannan wahala ba tare da an ce na yi rowa ba? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan surukinki, ya kuma saka miki da alheri bisa riƙon zumunci. A ganina ba yawan baƙi ne ya kwantar da ke ba, irin abincin da kika zaɓa ne, domin waina da funkaso abinci ne da ba sa sakin mai yinsu: dole a tsaya kan wuta ana zubawa ana juyawa kaɗan-kaɗan, kuma da sun huce armashinsu ya ragu. Wadda ta ɗauki tanda ranar taron mutum 30 ta riga ta sallama gaisawa da kowa.

Bana ki tsaya a kan babban abinci guda ɗaya wanda ake gamawa a tukunya ɗaya a zuba a kula, kamar tuwon shinkafa da miyar taushe, wanda tsofaffi da yara duk suna ci. Idan uwar mijinki ba ta jin an yi Sallah sai ta ga waina, to ki ba mai sana'ar waina ta unguwarku aikin tun da saura mako guda, domin a ƙurarren lokaci ba za ta saurare ki ba. Sauran abin da ke ƙawata faranti, wato cincin da alkaki da dubulan, duk suna jure ajiya a mazubi mai murfi, saboda haka ki gama su tun farkon watan Zulhajji. Kayan miya ma ana iya markaɗawa a tafasa su har ruwan ya tsotse, a soya a ajiye tun jajibere.

Sai maganar rana, wadda nake ganin ta fi kowace muhimmanci. Ranar 10 ga wata rana ce ta Idi da yanka da fiɗa da wanke kayan ciki, kuma haɗa wannan da saukar baƙi shi ne ɗaukar kaya biyu a kai ɗaya. Ku zauna da maigida ku tsayar da taron a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da an riga an sulala nama an soya, sannan shi da kansa ya sanar da 'yan'uwansa lokaci guda, misali bayan Azahar, don kada wasu su zo da hantsi wasu da Magariba ki yi ta ɗora tukunya kina saukewa. A shekarun da ake hawa a Kano, ku tuna cewa Hawan Daushe yana kamawa da yammacin rana ta biyu, kuma hanyoyin da ke kewaye da gidan Sarki sukan cushe, don haka masu ratsowa ta cikin gari gara su iso da wuri.

Game da tsoron a ce kin yi rowa, ki sani cewa facalolinki ba baƙi ba ne a wannan taro, gidan mazajensu ne ya haɗu. Ki kira su da kanki cikin girmamawa, ki ce wa ɗaya ta zo da abin sha, ɗaya da dambun nama, ɗaya kuma da kayan marmari. Sau da yawa mata sun fi jin haushin a ware su a kan a saka su aiki. Wanke-wanke da shimfiɗa tabarmi a bar wa 'yan mata da samari, kuma cin abinci rukuni-rukuni a manyan farantai yana rage kwanukan da za a wanke ƙwarai.

A abin sha na fi ba da shawarar zoɓo mai citta da kanumfari, domin kunun aya yana saurin lalacewa idan aka ɗauke wuta, sai fa in kina da tabbacin ƙanƙara. Ki kuma kula da ragowar abinci: Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci fiye da awa 2 ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, kuma a zafin garinmu shinkafa da miya ba su da haƙuri. Saboda haka ki tanadi robobi masu murfi, da an gama ci a zuba wa kowane gida nasa tare da kasonsa na nama, a kai wa maƙwabta sauran tun kafin La'asar.