Filin Gyaran Jiki: Gashi Mai Gardama da Fuskar da Ta Ƙi Lafawa

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, yawancin wasiƙun da suka zo mana kan gashi ne da fata. Mun zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gashina yana da cika, amma ya bushe ƙayau. In na tsefe sai ya tashi buzu-buzu, mataji ba ya shiga sai da karyewa. Kullum ina shafa man kaɗanya da basilin, amma kamar ƙara bushewa yake yi. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne ke jiƙa shi, aikin mai kawai ya tsare ruwan kada ya tsere. Idan kika laɓta basilin a kan busasshen gashi, kin rufe ƙofa ne alhali babu kowa a ɗakin, sannan ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai, gashin ya yi nauyi, ya yi dauɗa, cikinsa kuwa fayau.

Irin gashinmu a murɗe yake tun daga tushe, shi ya sa maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har ƙarshen sili. Kowane sili kuma yana lulluɓe da 'yan ɓawo-ɓawo jere kamar na jikin kifi. In da danshi sai su kwanta, in babu sai su miƙe su riƙa sarƙe juna. Wannan sarƙewar ce kike gani a matsayin buzu-buzu. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano, Katsina ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, don haka gashin da kika jiƙa da safe kafin azahar ya bushe in ba a tsare shi ba.

Ki riƙa wanke kai sau ɗaya a mako, ko duk kwana 10. Kafin ruwa ya taɓa shi, ki raba gashin gida huɗu ko shida ki yi masa manyan kalaba, domin gashin da aka jiƙa a sake shi ne ke cukurkuɗewa. Shamfu na fatar kai ne, da tafin yatsu za ki cuɗa, kumfar da ke gangarowa ta ishi sauran gashin. Kada ki wanke da sabulun wanki, sabulun salo ma in ba a sirka shi sosai ba yana barin gashi da kaushi.

Sai batun santsi. In kina da kwandishana, to. In babu, karkashin miya ya wadatar, shi ne ma matan Chadi ke kira ambunu. Ki zuba babban cokali 2 na busasshen ganyen a kofi 2 na ruwan zafi, ki bar shi minti 15 ya yi yauƙi, ki tace da ƙyalle mai laushi don kada gari ya maƙale miki a kai. Kada ki sa kanwa. A tukunya tana da amfani, a gashi kuwa buɗe waɗancan ɓawo-ɓawon take yi, wato abin da muke gudu ke nan. Ki shafa ruwan karkashin a kashi ɗaya na gashin da kika raba, ki warware da yatsu tukuna, sannan ki kawo mataji mai manyan haƙora, ki fara daga ƙarshen gashi kina hawa zuwa tushe. Mai farawa daga tushe tana tattaro ƙulli ne zuwa wuri ɗaya ta fizge shi.

Bayan kin ɗauraye, kada ki dirje da tawul. Ki matse ruwan da tsohuwar rigar auduga mai laushi. Gashin na da sauran lema za ki narkar da man kaɗanya a tafin hannu, kamar girman ƙwayar gyaɗa ga kowane kashi, ki bi da shi har ƙarshe, ki kitse nan take. Ki bar kan ya sha iska ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi, don jiƙaƙƙen kai a rufe shi ke kawo wari da ƙaiƙayi.

Tsakanin wanki da wanki, ki zuba ruwa rabin kofi da gilisarin cokalin shayi ɗaya a 'yar kwalbar feshi, ki fesa kaɗan a kan kitson duk kwana biyu, ki bi da ɗan mai. Kada ki haɗa da yawa, bayan kwana uku ko huɗu ki zubar ki sake sabo, tunda babu abin da ke hana shi lalacewa. Ɗankwalin atamfa kuma yana tsotse danshi yana goge gashi, ki samu hula mai santsi irin ta satin ki sa a ƙarƙashinsa, da ita za ki kwana. Ƙarshen gashin da ya riga ya tsage gida biyu ba ya haɗewa da kowane irin mai, sai almakashi.

TAMBAYA: Anti, gashin gaban goshina ya cinye, har ina jin kunyar zame ɗankwali a gidan biki. Wata huɗu ke nan da na haihu. An ce in sayi cebe. Daga wata mai jego a Maraɗi.

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Zubar gashi tsakanin wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa abu ne sananne. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya zube yakan tsaya, bayan haihuwa sai ya zube gaba ɗaya, kuma galibi yana dawowa da kansa kafin yaro ya shekara. Idan kina yawan jin kasala ko jiri, ki je a auna jininki, don ƙarancin jini yana ja wa zubar tsawo.

Amma ki duba kitsonki. In bayan an gama kina jin kanki yana ɗaurewa, ko 'yan ƙuraje suka fito a bakin tsaga, ko ba kya iya kwanciya a daren farko, to an ja da yawa. Jan nan ne ke tumɓuke gashin goshi da na gefen kunne, musamman ƙananan kitso da wanda aka ƙara wa gashin kanti mai nauyi. In an daina da wuri yana tsirowa. In aka shekara da shekaru ana yi, wurin yakan zama sumul yana ƙyalli, daga nan kuma babu man da zai tsirar da shi. Ki ce wa mai kitsonki ta bar gashin gaban a sake, ki riƙa canja wurin tsaga, kada kitso ya wuce mako uku ko huɗu. In kina sa rilaza, ki bar aƙalla mako 8 tsakani, a sabon tsiro kaɗai.

Cebe kuwa wani gari ne na gyaran gashi, matan Chadi a jikin gashi suke shafa shi haɗe da mai, ba sa kai shi fatar kai. Abin da yake yi shi ne rage karyewa, sai tsawon da gashi ya yi ya zauna. Ba ya tsirar da gashi inda ya tuje. Gashi kusan santimita ɗaya yake ƙarawa a wata, duk wanda ya yi miki alkawarin fiye da haka kuɗinki yake so.

TAMBAYA: Kuraje suka dame ni, sai wata mai kayan gyaran jiki ta haɗa mini mai a roba marar suna. Mako biyu fuskata ta yi fes, har na yi haske. Yanzu wata biyar, kurajen sun dawo sun fi da, fuskar tana zafi in na shiga rana, in na daina shafawa kuma sai ta yi ja tana ƙaiƙayi. Na gwada lemon tsami da man goge baki, babu sauƙi. Daga wata baiwar Allah a Gombe.

AMSA: 'Yar'uwa, duk alamun da kika zayyana na sitiroyid ne. Irin waɗannan haɗe-haɗen galibi ana matse musu maganin tub mai ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magungunan da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki don kumburin fata. Suna kwantar da kumburi nan da nan, su kuma dusashe launi, shi ya sa farkon abin yake da daɗi. In aka daɗe sai fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana, kuraje iri ɗaya su feso a tare, gashi ya tsiro a kumatu, a cinya da hammata kuma nanƙarwa mai faɗi ta fito. Wasu haɗin har da hydroquinone mai yawa, wanda in an daɗe a kansa yake barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar fita ƙwarai. Wasu da sinadarin makuri, mai lahanta ƙoda. Robar da ba ta da suna, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da lambar NAFDAC, ba ta cancanci fuskarki ba.

Jan da ƙaiƙayin da kike gani in kin daina, fatar ce ta saba da maganin. Bayan wata biyar ana shafawa, ya fi kyau ki ga likitan fata a babban asibiti, ki tafi masa da robar, shi zai tsara miki yadda za ki janye. Ki sa a ranki cewa makonnin farko fuskar za ta ƙara ɓaci kafin ta gyaru. A nan ne mata da yawa ke karaya su koma wa robar.

Kafin nan, ki ajiye lemon tsami da man goge baki. Tsamin lemon ya fi ƙarfin fatar fuska nesa ba kusa ba, in kuma rana ta same shi a jiki yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo. Dilka, kurkur da duk wani abin dirzawa su ma su jira, don dirza kurji mai rai yaɗa kumburin yake yi. Ki wanke fuska sau biyu kacal a rana da sabulu marar ƙamshi mai laushi da ruwan da bai yi zafi ba, ki shafa mai marar nauyi, da safe ki ɗora man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama.

Sai fatar ta huce za a fuskanci kurajen. Maganin shafawa mai suna benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100, ake farawa da shi: kamar ƙwayar wake, a shafa siriri a duk yankin da kurajen ke fitowa, dare ɗaya a tsallake dare ɗaya, bayan mako biyu a koma kullum in fata ta ɗauka. Yana cin launin tufafi, ki lura da hijabinki da rigar matashi. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake yanke hukunci ko ya yi aiki. Adapalene, wani maganin shafawar, shi ma yana da kyau, amma mai ciki ko mai neman ciki ta nisance shi. Kada ki matse kurji, a fatarmu kurjin kwana biyar yana iya barin tabon wata shida.

Abu biyu kuma da ake mantawa. In kurajen a goshi suka taru, ki zargi man gashinki da bakin hijabin da ya sha mai. In kuwa a haɓa suke, ga al'ada ba ta zuwa daidai, ga gashi yana fito miki a gemu, ki faɗa wa likita a duba sinadaran jikinki.

TAMBAYA: Ni amosanin kai ke damuna. Ɗana mai shekara 6 kuma wani wuri ya zagaye a kansa, gashin ya gutsure, ya yi fari-fari. Maganinmu ɗaya ne? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

AMSA: A'a, Hajiya. Naki, ki nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2, ki cuɗa a fatar kai, ki bar shi minti 5 kafin ki ɗauraye, sau biyu a mako har mako huɗu, daga nan sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a mako biyu don kada ya dawo. Yana busar da gashi, sai ki bi da kwandishana ko karkashi. Ki rage shafa man zaitun da man kwakwa a fatar kai, domin ƙwayar da ke haddasa amosani maiƙo take ci.

Na yaron ya yi kama da makero. Shi yana shiga har cikin silin gashi, man shafawa kaɗai ba ya kai masa, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta daidai nauyin yaron. Kada a goga masa tafarnuwa ko a kankare wurin. A ware masa mataji, hula da tawul, a duba kan sauran yaran gidan, wajen aski kuma a tafi masa da injinsa in da hali.

TAMBAYA: Faso ya tsattsaga mini dunduniya har yana jini. Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Malam, ka jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 da dare, ka goge kaushin da dutse a hankali, ban da reza. Ƙafar na da lema ka shafa mai mai ɗauke da urea kashi 10 zuwa 25, ka ɗora basilin, ka sa safa ka kwana. Inda ya tsage yana jini basilin kaɗai za ka sa ka rufe da filasta har ya haɗe, don urea na yi wa ɗanyen ciwo raɗaɗi. Bayan kowace alwala ka tsane ƙafar ka ɗan shafa mai, ka kuma rage yawo da silifas cikin ƙura. In kana da ciwon suga, kada ka taɓa wurin da dutse ko wani abu mai kaifi, ka kai ƙafar asibiti a duba ta cikin makon nan.