Me ya sa aka rushe tsoffin unguwannin Paris?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa an rushe tsoffin unguwannin Paris ne domin a hana talakawa bore. Shin haka ne, ko don lafiyar jama'a aka yi?

Amsa: Duka biyun suna da hannu a lamarin, sai dai a ganina cuta ce ta fara tayar da hankalin mahukunta. A shekarar 1832 annobar kwalara ta kashe mutane kimanin 18,000 a Paris, kuma ta fi ɓarna a lungunan tsakiyar gari, inda gidaje suka cunkushe, ƙazanta ke malala a kan hanya, hasken rana kuma bai cika isa ƙasa ba. Da Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya damƙa wa wani jami'in gwamnati mai suna Haussmann ragamar yankin Seine, wato Paris da kewayenta, a 1853, sai ya tsaga miƙaƙƙun tituna masu faɗi cikin waɗannan unguwanni, ya haƙa manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, ya janyo ruwan sha daga nesa, ya kuma keɓe wuraren shaƙatawa.

Batun bore ma ba ƙage ba ne, domin a 1830 da 1848 masu tarzoma sun toshe lunguna da duwatsu da kekunan doki, abin da ke da wuya a kan faffaɗan titin da sojoji za su ratsa cikin sauƙi. Talaka ne ya ji jiki, saboda tsadar haya ta kore shi zuwa gefen gari. Ɗimbin bashin da aikin ya tara kuwa ya ba 'yan adawa makami, har aka sauke Haussmann a 1870.