Tambaya da Amsa: Hular Kwanon Sojan Jamus da Ake Tallarta a Intanet, Ta Gaske Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara tara kayan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai na ci karo da wata hular kwano ta sojan ƙasa na Jamus a wani shafin gwanjo. Mai ita ya ce samfurin M42 ce, kuma tana da tambari biyu: mikiya a hagu, garkuwa mai launin baƙi da fari da ja a dama. Ya ce kakansa ne ya ɗauko ta a fagen fama. Hotuna uku ya sa, duk na waje. In saya? (Wani mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Bayanin da mai hular ya rubuta da hannunsa shi ya fara tona masa asiri. Tun a 1940 rundunar Jamus ta ba da umarnin a daina manna garkuwar nan mai launi uku, don tana haska soja ga abokan gaba. M42 kuwa sai a 1942 aka fara ƙera ta. To ta yaya hular da aka buga bayan shekara biyu da soke tambari za ta fito daga masana'anta ɗauke da shi? Ita ma mikiyar a 1943 aka daina sa ta. Hular sojan ƙasa M42 mai tambari biyu, ni a wurina, abar tuhuma ce tun kafin in taɓa ta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, sau da yawa ƙarfen na gaske ne. An ƙera hulunan nan da miliyoyi, kuma bayan yaƙi ƙasashe irin su Noway sun ci gaba da amfani da su, 'yan kwana-kwana ma haka. Saboda haka kwanon da babu ado a jikinsa ba ya wuyar samu. Ha'incin yana zuwa ne a abin da aka ɗora masa daga baya: tambari, fentin sajewa da daji, sunan soja a ciki, da labarin kaka. Su ne ke ninka farashi, su kuma 'yan jabu suke wa aiki.

Fara da kwanon. M35, samfurin da ya riga M40 da M42 fitowa, bakinta a naɗe yake zuwa ciki, kuma ramin shan iskarta ɗan zobe ne daban da aka dasa. A M40 an buga ramin a jikin ƙarfen kansa. M42 bakinta a sake yake, ba naɗi. Ka ce wa mai hular ya juya ta ya ɗauko maka hoton cikin gefen: za ka ga haruffan masana'anta tare da lambar girma, kamar ET64 ko Q66. ET na kamfanin garin Thale ne, Q na kamfanin Quist, EF na kamfanin garin Fulda, akwai kuma SE da NS. A wajen ƙeya akwai lambar rukunin ƙarfen da aka buga ta da shi. In babu ko ɗaya, ka yi hattara da hular Sifen, wadda ta yi kama da ta Jamus ƙwarai har ana sayar wa sababbin shiga ita a madadinta.

Daga nan sai inda nake ɓata mafi yawan lokacina, wato tsufa. Hular da ta haura shekara tamanin, komai nata tare ya tsufa. Dubi wani ƙarce da ya ratsa fenti ya nufi tambarin. Ya bi ta kan mikiyar ya wuce, ko ya nutse ƙarƙashinta ya ɓullo ta ɗaya gefen? In ya nutse, ƙarcen ya girmi tambarin, wato daga baya aka manna shi. Ka sa madubin ƙara girma: tambarin asali yakan yi tsage-tsage sirara, ya kwanta ya bi jikin fentin, na jabu kuwa sau da yawa za ka ga ɗige-ɗigen injin buga takarda na zamani, ko gefensa ya ɗago. Tsatsar gaske duhu gare ta, ta ci ƙarfe. Wadda aka haɗa da sinadari jiya ja ce wur, tana zaune a sama kamar an barbaɗa gari.

Ciki ma haka. Ƙusoshi uku masu ƙafa biyu ne ke riƙe zoben da fatar cikin hular take kai. Ƙafafun da aka lanƙwasa sau ɗaya a masana'anta a kwance suke lif. Waɗanda aka buɗe aka sake mayarwa za ka ga sun karkace, da tabon filaya. Fatar da kan mutum ya sha zama a ciki takan yi duhu a goshi saboda gumi, ba duhu bai ɗaya ko'ina ba. Shi ya sa hotuna uku na waje ba su ishe ka komai ba, kuma ina zargin da gangan aka tsaya a ukun.

Labarin kaka kuwa, ba na ƙaryata kowa, amma kada ka biya ko sisi dominsa sai da takarda ko tsohon hoto. Ka nemi hotuna a hasken rana, ka nemi alkawarin mayar da kuɗi a rubuce. Ka kuma binciki doka, domin Jamus ta haramta baje alamar Nazi a fili, irin wadda ke jikin tambarin mikiyar nan, manyan kasuwanni irin eBay ma ba sa yarda da kayan da ke ɗauke da ita.

TAMBAYA: Malam, hular kwano M1 ta sojan Amurka fa? An ce mini duk ta yaƙin ce. (Wata mai karatu)

AMSA: Ba haka ba ne, 'yar'uwa. An fara M1 a 1941, amma sojojin Amurka sun yi ta sa ta har shekarun 1980, ƙasashen Turai da dama kuma sun kwaikwaye ta. Dubi inda bakin zoben gefenta ya haɗu: a gaba yake har wajen ƙarshen 1944, sannan aka mayar da shi baya. Kunnuwan maɗaurin haɓa a kafe suke da farko, a 1943 aka koma masu lilo, kuma a zamanin yaƙin ɗinke maɗaurin ake yi a jikinsu. Kamfanonin McCord da Schlueter ne suka buga kwanukan lokacin, da ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Ki roƙi mai ita ya ɗora maganaɗisu a tsakiyar kan hular ya ɗauko miki bidiyo. In ya manne gam, ki nemi wata.