Amsa: Me ya sa ake musayar masu jifa ana tsakiyar kaka?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ƙungiyar besbol za ta sallama gwanin jifanta, wato mai jefa wa ɗan sanda na abokan hamayya ƙwallo ya doka, ana tsakiyar kaka. To, a gasar MLB ta Amurka wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa, kuma wajen ƙarshen Yuli ake rufe kasuwar musaya. Kafin lokacin kowa ya san matsayinsa. Wadda ta ga bana ba rabonta sai ta ba da tauraron da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ta karɓi yara masu tasowa, maimakon ya tafi a banza. Ba kamar tamaula ba, galibi ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa.

Masu jifa kuwa su ƙungiyoyin da ke neman kofi ke rububi, don ba sa isar ƙungiya. Mai fara jifa sau ɗaya yake fita a wasa biyar, da ya doshi jifa 100 koci ya fara leƙen benci. Ga ciwon gwiwar hannu da ke kwantar da mutum sama da shekara in an yi masa tiyata.

Dubi 2016. Chicago Cubs ta karɓo Aroldis Chapman, mai rufe wasa, wato mai jifan da ake sakowa a ƙarshe ya kare nasara, daga New York Yankees, ta ba da Gleyber Torres da wasu. Cubs ta ɗauki World Series, wato kofin zakaran MLB, rabonta da kofin tun 1908. Kaka na ƙarewa Chapman ya koma Yankees abinsa! A ganina babu wanda aka cuta, amma Yankees ta fi iya ciniki.