Su wa ke magana a fim ɗin Charlie Brown?

Tambaya: Malam, ɗana ya maƙale wa fim ɗin zane na Charlie Brown na Kirsimeti a wayata. Da gaske yara ne ke maganar ciki? Daga wata uwa, Tahoua.

Amsa: Hajiya, yara ne na gaske. Tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shi ranar 9 ga Disamba 1965. Ƙananansu ko karatu ba su iya ba, sai darakta Bill Melendez ya riƙa biya musu kaɗan-kaɗan suna maimaitawa, kamar malam da almajiransa. Shi ya sa maganar take ɗan tsinkewa, ni kuwa nan ne daɗinta. Surutan karen nan Snoopy, muryar Melendez ce aka ƙara wa gudu. Manyan tashar ma sun ɗauka fim ɗin ba zai karɓu ba.